Yaƙin Malam Barau da Cinnakan Gadon Baya

Da sunan Mai Sama wanda ya ɗaura damtse a kafaɗa, ga labarin sadauki Malam Barau ɗan Jatau, jikan Nomau Kada-Ƙato, zuriyar 'yan kokawar da ko a mafarki bayansu bai taɓa ƙasa ba. Shi dai tela ne, amma jinin yana nan.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, dattawan unguwa suka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa Sallau a kan batun kwatar da ta toshe, wadda warinta ya kori har masu sayar da awara. Barau ya zauna a sahun gaba cikin babbar riga mai sitaci, da niyyar kada ya ce uffan, domin duk wanda ya yi motsi a irin wannan majalisa shi ake ɗora wa aiki.

Ana cikin haka sai cinnaka, la'ananne wanda bai san na gida ba, ya keta iyaka ta wuyan riga, ya kafa sansani tsakanin allunan kafaɗa biyu, yankin da tun zamanin Annabi Adamu hannu bai taɓa mallaka ba. Ya gartsa cizo.

Barau ya yi haƙuri na ma'abota daraja, har hawaye ya cika masa ido. Daga nan ya tura rundunar hagu ta ƙarƙashi, a asirce. Kafaɗa ta murɗa iyakar murɗawarta, wuyan hannu ya lanƙwashe, babban yatsa ya hau gadon baya kamar mai hawan ganuwa, amma ya tsaya taki guda kafin abokin gaba. Gwiwar hannu kuwa ta ce ita ƙyaure ce, gefe ɗaya aka halicce ta ta buɗe.

Cinnaka ya ƙara cizo. Nan jinin Nomau ya motsa. Barau ya ɗaga rundunar dama ta sama, hannun riga ya kaɗa kamar tuta, ya yi kururuwa:

"Yau ko ni ko kai!"

Ashe daidai lokacin Mai Unguwa ya gama tambayar wanda zai shiga kwatar da kansa ranar Asabar. Majalisa ta ga hannu a sama, ta ji rantsuwa, ta ɗauki kabbara.

"Madalla, Malam Barau," in ji Mai Unguwa. "Ɗan Jatau ba ya ba da kunya."

Aka shafa fatiha tun bai sauke hannu ba, ga shi kafaɗar ma ta riƙe. Shi kuwa cinnaka ya fito ta ƙasan riga lafiya lau, ya bi gefen tabarma ya tafi harkarsa.

Ranar Asabar aka ara wa sadauki shebur.