Dutsen Baba da Wuƙar Kuɓewata

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da dutse ya tona mini asiri a gaban dangin mijina. Lokacin ina amarya, an kawo ni daga Magariya zuwa Dungas, gidan wanzamai. Mijina kabu-kabu yake yi, amma mahaifinsa, Baba, shi ke aske kan jariran unguwar tun kafin a haife ni.

Baba ya tafi Waca jinyar ƙaninsa, ya daɗe. Ni kuwa na tsinci wani dutse a gindin randa, shafal, sumul kamar madubi. Na ce lallai mutanen gidan nan ba su san darajar abu ba. Na fara wasa wuƙar kuɓewata a kai, da layya ta zo na ƙara da babbar wuƙar nama. (Har yabona ake yi wai wuƙar amarya akwai ci, ni kuma ina sunkuyar da kai ina murmushi.)

Baba ya dawo ana gobe sunan jikarsa. Da safe mata sun cika gida, ya zauna kan tabarma ya ce a miƙo masa dutsensa. Sai na ga an nufi gindin randa.

Ya ɗiga ruwa, ya ja aska a kai, ya tsaya. Ya karkata kunne ya sake ja.

"Dutsen nan ya yi ciki," in ji shi.

Inna, surukata, ta ce, "Malam, ai ga shi nan shafal."

Ya ce ido ba ya gani. Aska kwance take bin dutse, baki da baya tare, in akwai kwari ko na kaurin gashi ne, bakin ba zai yi daidai ba. Shi kuwa ba zai ɗora irin wannan a kan jaririya ba.

Ya zazzana gawayi a fuskar dutsen, ya kife shi kan wani faffaɗan dutse da ruwa da lallausan rairayi, ya murza. Da ya ɗaga, gefe duk ya goge, tsakiya baƙa ƙirin, a karkace. Wallahi mamaki ya sa na manta ni ce mai ɓarnar. Har kutsawa na yi gaba don in gani da kyau, baki buɗe.

Ya shafa wurin da babban yatsa.

"Wannan ba cin aska ba ne. Wuƙar girki ce, biyu ma, ƙarama da babba. Kuma mai riƙon bahago ne."

Ga ni tsaye, ludayin kunu a hannun hagu.

Baba ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Hannun dai akwai ƙarfi, Allah ya yi albarka." Mata suka fashe da dariya, na ruga ɗaki.

Ta taga na kalli sauran. Sai da hantsi ya yi kafin gawayin ya goge gaba ɗaya. Sannan ya wasa askarsa, ya bi kan yarinyar, gashi na zuba, ita ko motsi ba ta yi ba, barcinta take.

Ranar kasuwa Inna ta kawo mini wani dutse mai kaushi, ta ce saƙon Baba ne. Tun daga nan, in na ga abu a yashe a gidan surukai, ko tsinke ne, sai na tambayi mai shi.