Na Miƙe Tun Ba A Kira Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka raba mana sakamakon aji biyu na sakandare a Karaye ba.

Tun ina firamare a ƙauyenmu, can wajen Gwangwan, ni nake zuwa na ɗaya, har na saka a raina cewa ƙoƙari halitta ne, ko dai an haife ka da shi ko babu. A wurina duk wanda aka gani da littafi bayan an tashi, ya tona wa kansa asiri. Da lissafi ya fara yi mini duhu, sai na koma gyaɗa kai kamar ina ganewa (wallahi ko kan darasin ban sani ba). Ni in ɗaga hannu in yi tambaya? Wannan aikin Habu ne, wani ɗan ajinmu daga garin Turawa da kullum sai ya ce, "Malam, a sake, ban gane ba." Ni na raɗa masa suna Asake, ajin ya ɗauka.

Baba kuwa sharaɗi ɗaya ya kafa mini tun ranar da ya kai ni: "Duk ranar da ka faɗi, ka dawo gona." Ban ko damu ba. Irinmu ai ba ma faɗuwa.

Ni da bakina na matsa masa ya zo taron ƙarshen shekara, na ce ya zauna a gaba. Ya bar aikin gonar gyaɗa da tsakiyar damina, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zo.

Shugaban makaranta ya ɗaga takarda ya ce, "Na ɗaya a aji biyu…" Sai na miƙe. Na gyara riga, har na yi taku biyu.

"Habu Sale."

Sai dariya ta ɓarke. Habu ya raɓa ni ya wuce, har da ce mini, "Gafara, abokina." Na lallaɓa na zauna, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe da sauran kallo. A makarantarmu waɗanda za su maimaita aji ma karanto su ake yi a gaban iyaye. Sunana ne na uku. Na duƙar da kai, na ƙi motsi.

"Tashi mana," in ji shugaban. "Ɗazu ba a kira ka ba ka tashi."

Baba bai zage ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Sai da muka kusa gida ya ce, "Da ka ce mini ba ka ganewa, ai da na nemo mai koya maka." Na yi kuka, na roƙa, na turo kawuna ya ba shi baki. Bai janye maganarsa ba.

Yanzu abin da ban sani ba tambaya nake yi, ko a gaban wa. Sai dai tambayoyin nawa duk na taki ne da maganin feshi.