Ranar da Na Sa Baƙon Surukina Ɗaga Hannu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Faransancina ya tona mini asiri a Kwandiko ba. Ina soja lokacin, za a tura mu wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma, sai aka tara mu a bariki aka ɗura mana yaren cikin gaggawa. Malami ya faɗa, mu maimaita da ƙarfi, safe da yamma, har ya zauna a baki. Ya ce tun yaƙin duniya haka ake koya wa soja yare. Matsalar ita ce duk abin da muka haddace maganar shingen bincike ce.

Da na dawo Gwaram hutu, na ishi kowa da cika baki (har akuyar Inna da Faransanci nake kora). Labari ya kai kunnen Alhaji Sale na Kwandiko, mahaifin Hadiza da nake nema, wanda bai ce ya ba ni ba, bai kuma ce ya hana ba. Ya aika a kira ni. Amininsa na aikin hajji zai zo daga Mali, ba ya jin Hausa (da guntun Larabci da nuni suka ƙulla abotar).

"Kai za ka tarbe shi, ɗana. Ka fitar da ni kunya."

Motar Birnin Kudu ta tsaya a ƙofar gida, dattawa sun jeru. Na lalubi "sannu da zuwa" a kaina, wayam! Sai bakina ya saki abin da ya saba. Na ƙame, na daka tsawa irin ta shingen bincike. Bawan Allah, dattijo mai farin gemu, ya fito hannuwa sama, ya miƙo fasfo, ya buɗe jakarsa.

Alhaji ya matso. "Ɗana, haka suke gaisuwa a can?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na faɗi gaskiya, na riga na sallama Hadiza a raina. Shi kuwa baƙon, ganin mai tsawa a durƙushe, ya gane komai, ya yi dariya har da hawaye. Kwanakin da ya yi, kullum sai ya zaunar da ni kan tabarma yana koya mini gaisuwar mutane.

Ranar tafiyarsa Alhaji ya kira ni. "Sojan da zai durƙusa gaban jama'a ya ce bai sani ba, zai iya riƙe 'yata. Turo manyanka."

Tun daga nan, duk yaren da zan koya da gaisuwa nake farawa, kuma ba na sanar da gari.