Jatau da Gadar da Na'ura Ta Gina

A ƙauyen Rafin Tsamiya akwai wani mutum, sunansa Jatau, yana zaune da matarsa Delu da awaki uku. Shi ne masinjan makarantar garin. Mutumin kirki ne, sai dai duk yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta.

Aka ba makarantar aron kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, wadda in ka tambaye ta sai ta rubuto maka darasi. Sharaɗin shi ne sufeto za ta zo duba yadda ake amfani da ita, in ba ta gamsu ba ta tafi da abarta. Hedimasta, Malam Lurwanu, ya ƙwallafa rai kada yaransa su rasa ta.

Wata rana hedimasta ya ce, "Jatau, na'urar nan ta mutu, je ka ba ta wuta." Jatau ya yi salati, ya rungume ta ya nufi murhun Delu. Allah ya sa Delu ta fizge ta kafin ta gasu, gefen jakarta kawai ya ƙone.

Wata rana kuma ya ce, "Zan shiga taron malamai, ka sa mata ido." Da ya fito, ya tarar Jatau ya manna idonsa na dama a gilashin, hawaye na zuba. "Malam, ban ga kowa a ciki ba. To wa ke ba da amsar?" Shi ma hedimasta tambayar ta sha damunsa.

Wata rana, ranar zuwan sufeto, aka sa na'urar ta rubuta darasi a kan garin. Cikin sauri hedimasta ya ce, "Dokata ita ce, duk abin da ta faɗa sai an bi sawunsa kafin a koya wa yara." Ya faɗa ne kawai, ko karanta takardar bai yi ba. Jatau kuwa ya sa wani malami ya karanta masa, ya fita bin sawu.

Sufeto, Hajiya Turai, na zaune a aji ana shirin fara darasin, sai ga Jatau sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Malam, na bi sawun. Ta ce in ka wuce tsamiya sai ka hau gada zuwa kasuwa. Na hau."

Hedimasta ya ce, "Jatau, ai babu gada a rafin nan!"

"Ni ma haka na sani. Amma yadda ta faɗa babu ko ɗar, na ce ko an gina ban ji ba."

Yara suka fashe da dariya, kunya ta rufe hedimasta. Ya ce, "Ranki ya daɗe, laifina ne. Ni na kafa dokar, shi ya bi ta."

Hajiya Turai ta ce makarantu shida ta zaga, nan ne kaɗai ta ga an bincika maganar na'ura. Ta bar musu ita, bisa sharaɗin malamai su riƙa bin sawu, amma da littafi.

Aka gaya wa na'urar kuskurenta, nan take ta rubuto ban haƙuri. Jatau ya matse rigarsa ya ce, "Na haƙura. Amma ku lura, yara, ita ta yi kuskuren, ni na jiƙe."