Kiwon Layya Na Yi Wa Magen Dakta

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka bar mini amanar wata mage ba, ko da na so in manta, domin abokan aikina na lokacin har yau idan muka haɗu sai sun tono maganar.

Lokacin bai fi shekara biyu da ba mu sabuwar jiha ba, Gusau ta cika da sababbin ofisoshi da sababbin ma'aikata, ni kuma ina ɗan matashi na sami aikin mataimaki a wani ƙaramin asibitin dabbobi. Aikina riƙe dabba idan za a yi mata allura, da wanke kayan aiki, da bin Dakta ƙauyukan Bungudu idan an fita rigakafin shanu. A ruga na taso, can wajen Tsafe, kafin mu dawo Tudun Wada ni da Innata, saboda haka ina ji da kaina ƙwarai. A ganina babu dabba mai ƙafa huɗu da za a koya mini halinta.

Shugabarmu Dakta Rabi ba ta da faɗa, amma komai nata a aune yake. A shekarar aka ba asibitinmu gurbin mutum ɗaya na zuwa kwas Zariya, kuma mu biyu ne mataimaka, ni da Isiya. Wanda ya je zai dawo da takarda, ya riƙa yin allura da kansa, ya huta da kokawa da ƙafar bijimi. Dakta ta ce sai ta dawo daga aikin Hajji za ta faɗi wanda ta zaɓa. Ina son kwas ɗin nan kamar raina, har na fara ba abokai labarin Zariya tun ban taɓa takata ba.

Ana gab da tafiyarta ta kira ni ofis. A kan teburinta ga kwando mai murfi, a ciki ga Gimbiya, wata farar mage mai dogon gashi da wata ƙawarta Baturiya ta bar mata. Ba ta kama ɓera, ba ta cin ragowa. Abincinta a cikin gwangwani yake zuwa daga wani kanti a Kaduna, nama ne ko kifi da aka markaɗa da ɗan romo. Ga katan guda a ƙasa.

"Malam, da mai gidan za mu tafi, yara kuma suna wurin kakarsu. Kai zan bar wa ita," in ji Dakta. "Gwangwani ɗaya ka raba shi huɗu. Kashi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, sauran na gobe ne. Kada ka ƙara mata ko ta yi kuka. Za ta yi kuwa."

Na ce, "Dakta, ai mage ce. Wanda ya yi kiwon shanu?"

Ta dube ni ta saman tabarau. Ni kuwa na fito ina yi wa Isiya kallon tausayi, don a lissafina wanda aka ba mage shi za a ba Zariya.

Da yamma na buɗe gwangwanin farko a tsakar gida, na yanka abin da wuƙa gida huɗu, na zuba kashi ɗaya a ɗan faranti. Wallahi bai fi loma biyu ta babban mutum ba. Gimbiya ta sunkuya, kafin in wanke wuƙar ta share farantin tas, ta ɗago ta dube ni ta ce miyau. Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, tana kallon komai.

"Kai ɗan nan, shi ke nan abincin mussag ga?" (Mussa take ce wa mage, kamar yawancin tsofaffinmu.)

Na ce haka Dakta ta ce.

"To Dakta ta yi rowa. Baƙo shi suɗe kwano cikin gidana, a ce ya ƙoshi? Ina aka yin haka?"

A nan sai na yi wa mai karatu bayanin Inna. A wurinta idan baƙo ya cinye abinci tas, to an ci mutuncin gida, domin alama ce bai ƙoshi ba. Sai ta yi ta ƙari har mutum ya bar saura a kwano, sannan hankalinta ya kwanta. Mutanen rugarmu sun san haka, shi ya sa kowa ke barin 'yar loma a gefe don ya tsira. Gimbiya kuwa ba wanda ya gaya mata.

Daren farko na dake. Ba mu da firji, sai na rufe gwangwanin da faifai na tura shi ƙarƙashin randa inda ake ɗan samun sanyi. Amma bazarar Gusau ba ta san wannan dabara ba. Kashegari na ba ta kashin safe, da yamma kuwa da na buɗe, wari ya buge ni har sai da na ja da baya, na kai shi bola. Inna ta yi salati ta sanar da Ubangiji. Bayan rowa, babu abin da ta ƙi jini kamar a zubar da abinci.

"Ga mai ci na kuka, kai kana ba bola! In ka buɗe, ka ba ta duka, ta sa ma cikinta. Can ba ya lalacewa."

Maganar ta shige ni. Amma kada in ɗora wa tsohuwa laifin duka, domin ni ma akwai abin da ke cina. Ina so in san inda cikin magen nan ya tsaya. Saniya na sani, idan ta ƙoshi sai ta kwanta ta shiga tuƙa. Akuya ma tana gajiya ta koma yawo. To ita wannan fa? Shin akwai ranar da za ta dubi faranti ta ce Alhamdulillahi? Kuma me Turawa suka zuba a ciki da har take rawar jiki tun daga jin ƙarar mabuɗin gwangwani? (Tunda na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa: na duba na ga mai hoton kifi ne, na lakata na ɗanɗana. Lami ne, ba gishiri ba yaji. Har yau ban gane abin da ta gani a ciki ba.)

Sai na mai da abin bincike. Na ba ta rabin gwangwani, ta share. Na ba ta guda, ta share, ta lashe baki, ta kwanta a inuwar dalbejiya ta yi barci kamar an yanka ta. Da ta farka ta zo tana goga mini jiki a ƙafa. Na yi wata dabara, na raba mata faranti biyu in ga ko ganin yawa zai sa ta ƙoshi, ta cinye na farko ta taka zuwa na biyu ba tare da ta ko dube ni ba. Ranar da ta taɓa barin ɗan saura, ni da Inna har murna muka yi, muka ce yau dai baƙuwa ta ƙoshi. Ashe ruwa ta je sha.

Katan ɗin da aka ce zai kai ta har dawowar alhazai, tun kafin a hau Arfa ya ƙare. Ban tsorata ba. Na koma sayo mata kifin gwangwani na mutane, mai man nan, Inna tana cuɗa mata shi da tuwon shinkafa. Sallah ta zo, hanta da kitse suka wadata a unguwa, duk wanda ya aiko mana da nama sai Inna ta fara yankar wa mussa rabonta. 'Yan'uwa suka zo daga Tsafe da nono da man shanu, shi ma ba a bar ta a baya ba. Gimbiya ta daina hawa katanga, daga baya ta daina hawa turmi. Idan tana tafiya cikinta na lilo hagu da dama. Ni kuwa da nake ganinta kullum, kyau na ga ta ƙara, har ina raya irin godiyar da Dakta za ta yi mini.

Da alhazai suka dawo, aka sa ranar da Dakta za ta leƙo asibiti a yi mata barka da sauka. Da safe na ba Gimbiya kalacin bankwana mai rai da lafiya, don kada a ce ta dawo da yunwa. Wurin sa ta a kwando na fara shan jinin jikina, domin sai da Inna ta danne murfin ni kuma na ɗaure da igiya. Na hau kabu-kabu, hanya duk gargada, kwando a cinyata yana nauyi kamar na ɗauko ɗan akuya.

Na tarar da asibiti cike. An shimfiɗa darduma a baranda, Hajiya Dakta tana zaune cikin fararen kaya, a gabanta ga dabino da ruwan zamzam da tasbahohi tana rabawa. Ga ma'aikata, ga maƙwabta, ga Ardo Jaɓɓi, wani dattijon makiyayi daga Nahuce da muke yi wa shanunsa rigakafi, ya zo da mutanensa. Na gaishe ta, na yi mata addu'ar karɓar ibada, sannan na kwance igiya da alfahari na ɗaga murfi.

Gimbiya ba ta fito ba, sai da na karkata kwandon ta gangaro.

Dakta ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta kai hannu ta ɗaga magen, na ga hannun ya ɗan sunkuya.

"Malam, wannan ta wace ce?"

"Taki ce, Hajiya."

"Tawa? Ina sauran gwangwanayen?"

A nan ne shaiɗan ya kawo mini agaji. Maimakon in faɗi gaskiya in huta, sai na ji bakina yana cewa, "Hajiya, ina ganin ciki ne da ita. Akwai wani baƙin muzuru a unguwarmu."

Isiya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Dakta ta dube ni a natse, ta ce, "Bara ni da hannuna na cire mata mahaifa a ɗakin can. Da aka ɗauke wuta, wa ya riƙe mini tocila?"

Ni ne. Wallahi ni ne na riƙe, har ina tambayarta sunan kowace jijiya.

Ban gama neman inda zan sa fuskata ba, Gimbiya ta sauka daga cinyar Dakta, ta yi taku biyu a kan darduma, ta miƙe wuya, ta yi wani irin kakari. Kalacin bankwana da gargadar hanya suka haɗu, ta amayar da komai a gefen farantin dabino. Ga tuwon shinkafa, ga kifi, ga man shanu yana ƙyalli, shaidu sun cika ba wanda ya kira su.

Ardo Jaɓɓi ya leƙa ya duba da kyau, irin duban masana, sannan ya ɗago ya nuna ni da sandarsa.

"Hajiya, wanga yaro shi yay yi kiwon ga? Don Allah ki ba mu aronai. Shanunmu sun rame, rani ya yi tsanani. In yab bi su wata guda, ko Legas muka iya kai su."

Dariyar da aka yi, har masu wucewa a titi suka tsaya. Ni na kawo tsumma da ruwa na durƙusa ina goge darduma a gaban kowa, kunnuwana kamar an zuba musu barkono. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da jama'a suka watse ta kira ni ofis. Na yi zaton faɗa, sai ta tambaye ni yadda aka yi, na kwashe duka na faɗa mata, da maganar randa da ta Inna da binciken da na yi. Ta yi dariya har da hawaye a wurin faranti biyu. Sannan ta gyara zama.

"Da ka zo ka sa gwangwanin a firjin magani na nan, ai makulli na hannunka. Mage ba ta san ƙoshi ba idan abin ya yi mata daɗi, kai ne za ka san mata. Kitsen nan yana iya taɓa mata hanta. Yanzu ka gaya mini, Malam, na ce kashi ɗaya cikin huɗu ka ba da guda don ka ga abin da zai faru. Gobe in na ce ka ja allura zuwa nan, saniyar Ardo ta dube ka da idon tausayi, me za ka yi?"

Ta ce Isiya ne zai je Zariya, ni in jira wata shekarar. Na ji zafin abin har cikin ƙashina, na fita bayan asibiti na daɗe a tsaye ina kallon garken awaki, don kada a ga idona.

Hukuncin bai tsaya nan ba. Ta ce tunda ni na ɗora kitsen, ni zan sauke shi. Aka dawo da Gimbiya asibiti, aka ba ni ƙaramin cokali, safe da yamma ina auna mata a gaban Dakta, ita kuma tana bina ɗaki ɗaki tana kuka kamar na ci gadonta. Kafin damina ta yi nisa ta koma hawa taga, amma ba ta ƙara goga mini jiki ba.

Abin da na koya shi ne, idan wanda ya fi ka sani ya ce kaɗan, to tambayarsa dalili ya fi sauƙi a kan ka je ka gano da kanka a bainar jama'a. Isiya ya dawo da takardarsa, muka fita rigakafi Nahuce, yana tsaye cikin farar riga yana jan allura. Ni kuwa ina ƙasa cikin kashin shanu, na rungume ƙafar bijimi, Ardo yana tambayata ko ina da sauran tuwon shinkafa.