Damaris Ta Daina Kai Mini Ciwo Asibiti

Jiya da safe na sunkuya zan ɗaura takalmi, bayana ya ce ƙas, na kasa miƙewa. Na ƙwala wa matata Damaris kira: "Maman Phoebe, ciwon nan ya dawo, shirya ki je wurin likita." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baban Phoebe, na yi ritaya. Mai ciwo ya kai abinsa."

Bari in fahimtar da ku. A nan Narayi, yaro uwarsa ke kai shi asibiti, budurwa ta je da ƙafarta, tsohuwa kuwa har benci gare ta a can. Amma namiji, daga ranar da gemu ya fito masa, likita ba zai ƙara ganinsa ba sai an ɗauko shi ranga-ranga. In ciwo ya kama mu, sai mu biya wa matanmu, su haddace, su je su faɗa a matsayin nasu, su kawo mana magani. Maƙwabcina Baba Sylvanus ya fi kowa iya wannan aike. Har ƙaiƙayin gemu matarsa Scholastica ta taɓa kai wa likita.

Ashe manya na kallo. Kun san tun da sojoji suka koma bariki, ba abin da manyanmu ke so kamar bincike. Watan jiya Mai Girma Uban Lafiyar Talakawa ya ratsa layin man fetur da jiniya, ya zo ya sanar cewa mazan Narayi sun fi kowa lafiya, matanmu kuma, Allah sarki, sun fi kowa laulayi. Aka yanka bijimi, manya suka cinye, mu aka ba mu kofin yabo. Baba Sylvanus ne ya karɓa, yana tarin nan nasa mai kama da tayar da tsohon janareto.

To jiya dai dole ta sa na hau acaɓa a duƙe, na nufi ƙaramin asibitinmu. Na tarar an cika ɗakin maza da kujeru da rumfunan taro. Nas ta ce, "Oga, maza ba sa ciwo a unguwar nan, manya sun tabbatar. Likita mata kawai yake gani yanzu." Wallahi kamar in fashe da kuka, bayan kuwa sai zugi yake.

Zan juya ke nan, sai wata doguwar mata a layi, ta ja mayafi har hanci, ta saki tari. Na san janareton nan. Ta matso ta raɗa mini da murya kakkaura: "Albert, rufa mini asiri. Scholastica ma ta yi ritaya."

Yanzu haka lallashin Damaris nake ta ara mini zani. Ranka ya daɗe, binciken baɗi ma mata zai nuna, a fara neman bijimin da za a yanka.