Turken da Na Yi Wa Ban Ruwa

Shekarar fari, Kumandan, wato shugaban gundumarmu, ya raba dashen dogon yaro a Dogon Dutsi. Na sa aka dasa nawa bayan danga, na bugi ƙirji cewa ba zai mutu ba. Na kafa doka a gida: ruwan alwala da na wanke-wanke, a tara mini. Wata biyu ina ban ruwa.

Rannan matata ta ce, "Maigida, turken jakin maƙwabci ne fa kake shayarwa. Dashenka jakin ya cinye tun ranar farko."

Na ce, "Ke mi kika sani? Dashena hutawa yake."

Har yau in na shiga kasuwa sai a ce, "Maigida, ya inuwa?" Amsata ɗaya ce: ranar da ya yi ganye, babu mai zama.